Wunin Karaye

Garwashin da ke cikin dutsen gugar aro ya fara mutuwa, amma Saude ba ta daina bin wandon kakin ba. Ta goge shi ciki da waje, ta sake komawa kan aljihu, alhali babu inda ya rage a yamutse. Ɗanta Lurwanu yana tsugune a gefenta da sabon aski, bakinsa ya ƙi rufuwa tun asuba. Yau 'yan sikawut na makarantar Rogo za su je taron wuni a Karaye. Motar En'e, wato ta hukumar gargajiya, za ta kwashe su da safe, ta dawo da su kafin magariba. Za a yi maci, a kafa tanti, a koya musu ƙullin igiya, har an ce akwai mai busa bigila.

Abin da bai sani ba shi ne shekarunsa ba su kai na shiga sikawut ba. Saude ce ta bi ta hannun matar Malam Lukumanu, shugabansu, ta yi ta magiya a tafi da yaron ko da riƙon goran ruwa ne. Ba kuwa don maci ta yi ba. Mijinta ya rasu tun farkon bazara, ta fita takaba makon jiya, danginta na Beli kuma sun ce yayanta Muntaka zai zo ya tafi da ita. Bappa, ƙanin marigayin, ya riga ya yanke magana cewa ɗa na gidan ubansa ne, nan zai zauna ya ci gaba da karatu. Da aka tambaye ta ranar da ta fi mata, ita da bakinta ta zaɓi ranar taron Karaye. Wannan ne yake cinta a rai kamar gara.

Kowa a gidan ya sani, har 'yan matan da ke shigowa talla. Bappa ya ce mata ta gaya wa yaron, ai ba jinjiri ba ne. Ta ce to. Kullum to, kullum gobe. To ta ina ma za ta fara? Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa jawo shi jikinta a gaban mutane ba. Mata suna yabonta da alkunya, ita ma tana jin daɗin yabon. Yau ga alkunyar ta hana ta gaya masa.

Ta shiga cika masa jaka: dakuwa, ƙuliƙuli, soyayyar gyaɗa, dafaffen rogo, kai ka ce Makka zai tafi a ƙasa. Ya yi dariya, ya ce Malam ya ce za a ba su abinci a can. Ta yi kamar ba ta ji ba. Tana sa masa riga tana gaya masa yadda ake wanke kaki, a juya shi baibai, kada a buga shi a dutse don maɓalli. Ta nuna masa inda take soke allura da zare a jikin faifai, da ramin bango inda sabulun salo yake.

"Inna, ai ke za ki wanke," in ji shi.

Hannunta ya tsaya a kan ƙyallen wuyansa. Ta ja zoben fatar da ke riƙe da ƙyallen sama har ya ce ta shaƙe shi, sannan ta sassauta. Ta dube shi sosai, abin da ba ta saba yi ba. Kunnuwan ubansa ne sak, ga askin ya ƙara fito da su.

Daga bakin makaranta aka ji usur ɗin Malam Lukumanu. Yaron ya zabura ya suri jaka.

"Kai, tsaya," ta ce. "Idan ka dawo..."

Ya tsaya yana rawar ƙafa, ido a ƙofa. Maganar ta zo har bakinta, wallahi ta zo. Amma ta hango shi yana jefar da jakar, yana riƙe mata zani a gaban Muntaka da mutanen gida, sai ta sauya maganar.

"Idan ka dawo, ka fara gaishe da Bappa kafin ka shiga ɗaki."

Tir da wannan magana. Ita ma ta san tsoro ne kawai, ba tausayinsa ba, kanta ta tausaya wa. Ya ce to, ya kwasa a guje. Har ya kai zaure sai ga shi ya leƙo.

"Inna, in kin yi tuwo kada ki jiƙa tukunyar. Ki bar mini ƙanzo, da yunwa zan dawo."

"To," ta ce.

Ba ta fita ba. Ta bayan katanga ta ji tashin motar, da waƙar yara tana yin nisa a hanyar Karaye, ba ta iya ware muryarsa a cikinsu ba.

Da hantsi Muntaka ya iso da jaki. Ya gaisa da Bappa a zaure, suka sake yi wa juna ta'aziyya, sannan ya shigo. Kayanta suna ɗaure a ƙofar ɗaki, tabarma a naɗe, kwanuka a cikin buhu. Ita kuwa tana durƙushe a gindin murhu, ta gama tuƙa tuwon dawa ta kwashe, ta mai da tukunyar kan wuta. Ƙauri ya cika tsakar gida.

Ya ce ta hanzarta, hadari yana haɗowa a gabas, ga hanya da nisa. Ya shaƙi hayaƙin, ya dubi tukunyar.

"Saude, tukunyarki fa tana kamawa."

"Na sani, Yaya," ta ce. "Bari ya ƙara kauri."

Ta tura wani itacen cikin wuta.