Ramin da Aka Riga Aka Cike

Wanda ke sirdin baya a keke mai sirdi biyu ba abin da yake gani a gabansa sai ƙeyar na gaba. Ni kuwa ƙeyar mijina Firmin na san ta fiye da fuskarsa, don tun muna da baƙin gashi nake zaune a bayansa ina taka feda, shi yana riƙe da kan keke da birki. Ƙa'idar ba wuya. Na gaba shi ne idon na baya. In ya hango rami ya ce "rami", sai in ɗaga jikina daga sirdi. In kwana ce ya ce hagu ko dama, in karkata tare da shi. In ya yi shiru hanya lafiya lau ke nan, sai in saki jiki ina kallon fararen shanun mutane ta kan shinge.

Kowace shekara in an fara kwasar ciyawa mukan bi ta tuddan Morvan mu je wajen yayata Huguette, mu kwana biyu, mu yi faɗa, mu dawo. Firmin raba wasiƙu ya yi a yankin nan har ya yi ritaya, don haka ba ya riƙe taswira, kuma yana raina masu riƙewa. Baƙin nan da ke cika mana hanya da rani, jakunkuna gaba da baya, waya ɗaure a kan keke tana gaya musu inda za su bi, in tsautsayi ya sa suka tambaye shi hanya sai ya yi musu kwatance da bishiyar da aka sare tun ba a haife su ba.

Bana mun fita da sanyin safiya, burodi da cuku da tumatir a jaka. Muna wuce injin yankan katako ya ce, "Rami." Na ɗaga jikina. Taya ta wuce sumul. Na leƙa ƙasa sai ga sabuwar kwalta baƙa wuluk a inda ramin yake a da. Na yi dariya har na daki bayansa, na ce tsoho, an cike wannan tun bara, sabo dai turken wawa ne. Ya ce gwada ni yake yi ya ga ko barci nake.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani ramin na gaske, sabo, irin wanda ruwan ƙarshen hunturu ke haƙawa. Haƙorana suka haɗu, na ciji harshe. Ko uffan bai ce ba kafin mu shiga. Na zazzaga masa masifa, na tambaye shi ko so yake ya kai wa Huguette ni a jaka tare da cukun. Ya ce wani shaho yake kallo. Na ɗaga kai, ba ko tsuntsu ɗaya a sama.

Daga nan na daina kallon shanu. Da muka hau tsohon layin dogo da aka mayar hanyar keke, akwai wani sandan ƙarfe da aka kafa a tsakiyar mashigar don hana motoci, fenti ja da fari, ko jariri ya gan shi. Gwiwata ta goge shi. Sai bayan mun wuce keken ya yi wata 'yar tangal-tangal, alamar a lokacin Firmin ya san akwai abu a wurin. A keke irin namu ba a ɓoye tsoro, don fedarsa da tawa a haɗe suke. Na ji ƙafarsa tana rawa ta cikin tawa.

Sai abubuwa suka yi ta dawo mini. Jaridar da ya daina karantawa wai duk ƙarya ce. Makullin mota da ya miƙo mini wai ya gaji da tuƙi. Gahawar da yake zubawa a gefen kofi, ina ta mita wai ya zama ƙazami da tsufa. Amma a kan keke ba a faɗa da mai riƙe da birki.

Rana ta take muka iso ƙauyen da ke kan tudu na ƙarshe, ruwanmu ya ƙare. Duk mai yawon keke a ƙasar nan ya san inda ake samun ruwa in shaguna sun rufe don cin abincin rana: maƙabarta. Kullum akwai famfo a bayan ƙofa saboda masu shayar da furannin kaburbura. Muka jingine keken, Firmin ya karɓi gorunan ya shiga da irin tafiyarsa ta wanda ya san ko'ina, ya karya hagu.

Ashe an gyara katangar maƙabartar, an mayar da famfon dama da ƙofa. Ga shi nan a fili, har da butocin ban ruwa a rataye. Ina tsaye ina kallon mijina yana shafa dutse da tafin hannu, sama da ƙasa, gora a ɗaya hannun a buɗe.

"Firmin," na ce, "tun yaushe idon ya fara?"

Bai yi gardama ba, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don mutumin nan ko da ruwan sama yana gardama. Ya zauna a gefen kabarin wani bawan Allah, ya ce tun hunturu. Tsakiyar duk abin da ya kalla ta zama kamar an goge da babban yatsa, gefe-gefe kawai yake gani. Ranar da ya ce mini ya shiga gari sayen taya, likita ya je gani. Likita ya ce abin ba ya komawa baya, kuma ya ajiye keke.

Nan take na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya masa ba. Na ce ashe makaho na bi tun safe ina dariya. Na ce in shi ya gaji da duniya ga wuri nan a shirye, ya zaɓi gefen da ya fi inuwa, amma ni ban gama ba tukuna. Na kira shi jaki, na kira shi maci amana. Ya bari na gama tas, sannan ya ce hanyar nan ya san ta fiye da tafin hannunsa, ba kwanar da ba ta cikin kansa.

Na ce ramin da safe ma yana cikin kansa.

"Solange," ya ce, "gangaren nan kawai. Daga shi ba zan ƙara roƙonki ba."

Gangaren nan shi ne abin da yake jira duk shekara. Dogo ne, yana ta murɗawa cikin itatuwa har bakin kogi, inda wata siririyar gada take jiran mutum a bayan kwana. A nan yake sakin birki yana ihu kamar yaro, ni kuma ina zaginsa, kuma Allah ya sani ina jin daɗi. In ce zan koma gaba ba zai yiwu ba. Ƙafata ba ta kai ƙasa daga sirdinsa, ban taɓa riƙe birkin nan ba, ga shi ya ninka ni nauyi. Ko dai in hau bayansa, ko a ce an gama.

Na cika gorunan da kaina. Muka fito, ya ɗora ƙafa ya haye, ya riƙe keken daram kamar kullum yana jiran in hau. Na kalli ƙeyar nan, da tabon da ƙaya ta yi masa shekarar da muka yi aure. Tausayinsa ya kama ni har na sa ƙafa a feda.

Sai na ji tarakta tana hawowa daga ƙasa. Ta ɓullo daga kwanar farko da lodin ciyawa, ta cinye hanyar kusan duka. Na lura da Firmin. Ba kallonta yake ba, kunne ya karkata yana neman ta inda take.

Na sauke ƙafata, na zagayo gaba, na kama kan keken. Bai saki ba. Muka tsaya haka, hannuna kusa da nasa, mai taraktar ya wuce yana ɗaga mana hula. Can dai ya sauko, ya koma baya yana lalube, ya kama ɗan ƙarfen da nake riƙewa in ina sirdin baya.

Haka muka fara gangarawa a ƙasa, ina gaba ina jan keke, yana biye. Rana tana dukanmu, ƙudaje suka samu abin yi. Wajen rabin hanya wasu baƙi biyu, miji da mata, suka zo a guje da jakunkunansu, suka ja birki da suka gan mu. Matar ta tambaya ko faci muka yi, suna da kayan gyara. Na yi maza na ce eh, 'yar matsala ce, mun gode, mun kusa gida.

"Keken lafiyarsa ƙalau," in ji Firmin daga bayana. "Ni ne ba na gani."

Suka yi mana fatan alheri suka wuce. Muna jin ƙarar tayoyinsu har suka sha kwana. Hawaye suka yi ta zubo mini, ban share ba don kada keken ya motsa ya gane.

Gab da gada akwai wurin da gefen kwalta ya zabtare, daidai inda zai sa ƙafa. Na wuce shi da taya, na kusan yin shiru, don ban saba ba.

"Rami," na ce.

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake.