Lissafin Rijiyar Kusfa

Radiya ta sake danna lissafin a wayarta, adaidaita na girgiza ta a ramukan Ƙofar Kuyambana. Sifili da ɗigo uku sau ɗari biyu da bakwai. Sittin da biyu dai ya kuma fitowa, alhali ƙa'ida ta ce kada dalma ta wuce goma a litar ruwan sha.

Ranar Juma'a ita da bakinta ta ce wa Inna ruwan rijiyar gidansu da ke unguwar Kusfa lafiya lau yake. Maƙwabta ne suka fara ƙorafin ciwon cikin yara, suna zargin tsofaffin baturan mota da Yaya Auwal ke fasawa a bayan gida. Sai ta ɗebi ruwan ta kai ɗakin gwajin da take aiki. Na'ura ta nuna sifili da ɗigo uku, ta dubi goma, ta ga tazara mai nisa, ta ɗauki waya da murna. Yau da safe, tana gwada ruwan wasu, ta tuna ba ta juya nasu zuwa nauyi ba.

Ta tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida, Yaya Auwal na wanke hannu a bakin rijiya.

"Ga likitar ruwa!" in ji shi. "Yau kuma me aka zo aunawa, miyar Inna?"

"Yaya, zauna. Na yi kuskure."

Bai zauna ba. Ta yi bayani tana kallon ƙasa. Na'urar ƙwayoyin dalma take ƙirgawa, ita kuwa ƙa'idar da nauyi aka rubuta ta. Sai an ninka da nauyin dalma, wato ɗari biyu da bakwai, kafin a gwama su.

"Yi mini Hausa, Radiya," in ji Inna.

"Inna, gyaɗa goma da kabewa goma duk goma ne. Amma ɗauki ki ji. Dalma kabewa ce. Abin da ke cikin ruwan nan ya ninka ƙa'ida sau shida."

"Ke fa kika ce ko ɗaya bai kai ba!" Yaya Auwal ya yarfe hannu. "A gaban mutane na faɗa, a ƙofar masallaci. Har na ce wanda bai yarda ba ya je ya yi boko."

"Ni na faɗa," in ji Radiya.

"To na'urar ce ta yi ƙarya?"

"Ba ta yi ba."

A wurin aiki Radiya ba ta taɓa sakin sakamako ba sai ta maimaita lissafi. Wannan ne kaɗai ta gani ya yi mata daɗi, ta ƙi sake dubawa.

Munira, ƙaramar 'yar Yaya Auwal, ta fito daga ɗaki ta nufi randa, ta cika moɗa. Radiya ta riga bakinta, ta karɓe, ta sheƙar a ƙasa. Yarinyar ta fashe da kuka. Uban ya dubi jiƙaƙƙen wurin, ya dubi 'yarsa.

Inna ta ajiye rariya. "Malam, mahaifinku, ya haƙa rijiyar nan sadaka. Da aka fara surutu na rufe ta. Da kika yi waya, ni na bi gida-gida na ce su dawo su ɗiba."

"Zan bi in faɗa musu, Inna. A kai yaran asibiti a auna jininsu."

"Ke kaɗai? Waye zai yarda da ke sau biyu?" Ta miƙe tana laluben mayafi.

Sai ga sallama daga zaure. Asabe ce, maƙwabciyarsu, da goyo a baya da bokiti biyu.

"A'a, likita ce a gida? Allah ya yi albarka, kin raba mu da 'yan garuwa."

Radiya ta amsa sallamar a hankali. Ta taka zuwa bakin rijiya, ta fara kwance igiyar guga.

"Anti Asabe," ta ce, "ajiye bokitin tukuna."