Ƙaho Uku a Rumfar Tonka

Duk Wurno babu wanda bai san Tonka ba. Mota ce ja, 'yar ƙarama, kujera biyu, rufinta na tamfal ne da ake naɗewa baya, ga ta ƙasa-ƙasa awa za ta lashi hanya. Wani Bature injiniya ya zo da ita zamanin da ake ginin dam ɗin Goronyo. Da aiki ya ƙare ya miƙa wa direbansa Sodangi makulli, ya hau jirgi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, Sodangi bai taɓa barin wani ya riƙa mata sitiyari ba.

To bana sai injin ban ruwansa ya buga. Albasa ta yi kwana arba'in a fadamar Kwargaba, an rage ruwan da ake sakowa daga dam, kowa ya koma jawowa daga rijiya. Kan famfon lafiya lau yake, injin da ke juya shi ne ya mutu murus. Kwana huɗu ba ruwa, ganye ya fara kwanciya. In anka ƙara uku, aikin shekara ya tafi.

Ana haka Mode dillali ya yi sallama da hantsi, da baƙo a bayansa.

"Direba, ga Alhaji Siddiƙu daga Abuja. Tsohhin motoci shika tarawa. Allah ya ji kukanka."

Sodangi ya yaye tamfal ɗin da ya rufe Tonka a rumfa. Alhaji Siddiƙu ya zagaye ta sau biyu, hannu a baya. Bai ce a tayar ba. Bai buɗe gaba ya dubi inji ba. Kai tsaye ya duƙa ya leƙa mitar tafiya, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa.

"Dubu huɗu da ɗari biyu da sha bakwai," ya ce. "Malam Sodangi, ka san abin da kake ajiye da shi kuwa?"

"Na san mota ta."

"Wannan ba mota ba ce, dukiya ce. Ni motocina goma sha biyu, suna ɗaki mai na'urar sanyi. Babu wadda tayarta ke taka titi. In za a kai su baje koli, a bayan babbar mota ake ɗora su. Mu a wajenmu kowace kilomita ɗaya rage wa mota daraja take. Akwai abokina da ya kori direbansa don ya ƙara wa tasa kilomita shida. Amma wannan? Shekara talatin ba ta je ko'ina ba!"

Ya faɗi abin da zai biya. Ya isa a sayi sabon inji, a haƙa wata rijiya, a yi wa gida kwano. Uwaliya matar Sodangi, da ta kawo wa baƙi fura, saura kaɗan ta saki ƙwarya.

Mode ya ja Sodangi gefe, ya matse masa hannu.

"Don girman Allah ka kama bakinka. Ba kai kay yi ƙarya ba. Mita ta hwaɗi, shi yak karanta."

Sodangi bai ma ji shi sosai ba. Magana guda ce ta tsaya masa a rai. Ba ta je ko'ina ba. Tonka! Motar da babu wata hanya daga Rabah zuwa Shinaka da ba ta san raminta ba.

Ya fizge hannunsa ya koma.

"Alhaji, mi kac ce? Ba ta tahi ko'ina ba?"

"Ai ga shi a rubuce."

"Ɗaga kanka ka duba bisa."

A jikin azarar rumfar, an rataye ƙahon rago guda uku da waya. Ɗaya ya yi baƙi ƙirin don tsufa.

"Ni ban yi boko ba," in ji Sodangi, "amma na san gidan lamba biyar ag ga mitag ga. In ta cika tara-tara duka, sai ta koma babu, ta sake ƙirga daga hwari. Duk randa tak koma babu, rago nika yanka mata, in rataye ƙaho guda."

Mode ya dafe kai da hannu biyu.

"Wanga baƙin ƙaho, kan hanyar Rabah tac cika, na ɗauko irin albasa. Nit tsaya tsakiyar hanya nig ga lambobin sun juya gaba ɗai. Na biyu, kububuwa tas sari wani manomi a Taloka, an ce ba shi kai Sakkwato da rai. Ta kai shi. Yana nan, ɗiyanshi tara. Na ukku, shekarar da ruwa yac ci garuruwa, wata guda tana jigilar magani da tsaba har inda hanya tay yanke. Dubu ɗari ukku, da huɗun da kag gani bisa. Shi na lissahinta."

Alhaji Siddiƙu ya mayar da tabarau a hankali. Fuskarsa ta sauya awa an ce masa naman da ya ci mushe ne.

"To ai ta gaji ke nan."

Sodangi ya zura hannu ta taga, ya murɗa makulli sau ɗaya. Tonka ta ɗauka, ta yi gurnani, kaji sunka watse.

"Cikin sha biyun naka, wace ka tashi haka?"

Alhaji ya kau da kai. Ya ce shi dai ba irin wannan yake nema ba, amma don kada ya zo a banza, zai ba da wani abu ya ɗauke ta, ko don fitilu da ƙofofi.

"A yanka ta a raba, ke nan. Sha hurarka, Alhaji. Allah shi kiyaye hanya."

Da baƙo ya tafi, Mode ya yi ta zuba.

"Kai dai ba ka son arziki! Shiru kawai anka ce ka yi. Shiru! Ko akuya ta iya shi!"

"Akuya ba ta san inda motag ga tat taka ba."

Uwaliya ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe ƙwarya, ta tsaya bakin ƙofa.

"Malam, ka yi gaskiya, kuma ka hi kowa baki. To albasa hwa? Ƙaho za ta sha?"

Wannan ta shige shi. Ya zauna a kan turmi yana kallon Tonka, har rana ta take. Inji ne ya rasa. Ga inji a gabansa, wanda ya yi dubu ɗari uku bai taɓa ba shi kunya ba. Idonsa ya sauka kan tayar baya, ya daɗe a nan. Sai ya miƙe ya nufi wurin Yusha'u mai injin niƙa, ya aro doguwar bel, robar nan da ke juya inji.

Washegari da sassafe masu zuwa fadama sunka ga abin da ba su taɓa gani ba. Tonka a bakin rijiya, an ɗaga ƙafarta guda ta baya a kan jak da duwatsu, an tokare sauran. An cire roba, an bar ƙarfen taya tsirara, bel ta zagayo shi ta kamo kan famfo. Sau biyu bel na zamewa. A na uku Sodangi ya buga turke ya ɗaure famfon tamau, ya shiga ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci sannu-sannu.

Tiyo ya yi tari, ya tofar da laka, sannan ruwa ya ɓalle fari fat, ya bi kwari yana shiga fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya.

Mutane sunka ɗauki kabbara. Mode, da ya zo don ya yi dariya, ya leƙa ta taga ya tsaya baki buɗe.

"Direba, mota na tsaye wuri guda, amma mita na tahiya! Ga ta sha takwas. Kashe ta, kana ƙara mata!"

"Aiki takai. Bari a rubuta mata."

Uwaliya ta iso da abin kari a kai. Ta dubi ruwan, ta dubi mijinta zaune a kujerar Bature, gwiwar hannu a kan taga awa mai shirin tafiya Kaduna.

"Uwaliya," ya ce, "ɗan ragon nan naki, kar ki sai da shi. Akwai wurin ƙaho na huɗu ga azara."

"Saura dubu nawa?"

"Casa'in da biyar da 'yan kai."

"Sai dai jikan jikan ragon ga," ta ce, ta sauke kwano a kan murfin Tonka.