Irin Tumatirin Lefteris

"Kawu, na zubar da su," in ji Matina, ta dafa shingen katako tana kuka.

Argiris, maƙwabcinsu, ya ajiye tiyon ban-ruwa. Da ƙyar ya gane zancen. Tana share garejin mahaifinta ne, sai ta tarar da tsofaffin jaridu, wasu 'yan ɗige-ɗige sun manne a jikinsu, ta ɗauka kashin ɓera ne, ashe irin tumatir ne aka shanya. Motar shara ta kwashe su tun Talata. Yau da safe kuma uban, Lefteris, daga kan gadon da likita ya ce ba zai tashi ba, ya tambaye ta ko an shuka iri, ga Agusta ta raba.

Duk layin nan nasu na birnin Melbourne babu wanda bai san irin tumatirin Lefteris ba. Uwarsa ce ta ɗinke masa shi a bakin kwat ranar da zai baro ƙauyensu na Girka, yana ɗan shekara sha tara. Ya yi shekara ashirin da shida a masana'antar motoci, Asabar da Lahadi yana suyar kifi a shagon surukinsa, har hannayensa suka cika da tabon mai. Da gumin nan ya aurar da ƙannensa biyu, ya ilimantar da 'ya'ya uku, ya yi jinyar matarsa har ta rasu, amma bai taɓa tsallake shekara bai shuka ba. Zai cika maka kwando da ɓaure da lemun tsami. Tumatir kuwa sai dai dafaffe a kwalba, kada ka sami iri. Rowarsa ɗaya ke nan a duniya.

Argiris ya shiga rumfarsa ya daɗe tsaye a kan 'yan shukokinsa da ke cikin gwangwanayen madara. Shekara ashirin da biyu ke nan da wani reshen tumatirin Lefteris ya leƙo ta kan shingen, shi kuma ya tsinki jan tumatir ɗaya. Tun daga nan yake cika baki a gidan shan kofi cewa nasa irin kakansa ne daga tsibirin Kriti, har da rantsuwa. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya jera gwangwani shida a faranti, ya bi Matina.

Ganin Lefteris ya karya masa zuciya. Mutumin da ke saɓa buhun siminti kamar matashin kai ya koma ƙashi da fata. Argiris ya zauna a bakin gado ya faɗi komai, na jaridun da na satar, idonsa a ƙasa.

Lefteris ya murza ganye ɗaya tsakanin yatsunsa, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Ɓarawo," in ji shi.

"Na amsa."

"Kai a tunaninka reshe da kansa yake tsallake shinge? Shekara uku ina turo maka shi kafin ka yi hankali ka sata. Iri a gida ɗaya ai ba iri ba ne."

"Da ba sai ka ba ni kawai ba, tsohon banza?"

"In ba mutumin Kriti kyauta, ya ce nawa ya fi nasa? Ai da ka ƙi karɓa."

Matina ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta fita. Lefteris ya ja kunnen Argiris kada ya dasa kafin farkon Nuwamba, kuma ya rage ruwa, don shekara arba'in yana kallonsa yana shaƙe shuka da ruwa. Sannan ya ce a bar masa gwangwani ɗaya a taga.

Lefteris bai ga ƙarshen Satumba ba.

A farkon Nuwamba Argiris ya zagaya bayan gidan Lefteris ya dasa guda shidan, har da na tagar. Ya yayyaga wata tsohuwar rigar aikin marigayin ya ɗaure su a jikin sanduna. Da ya buɗe tiyo sai ya ɗaga kai wajen shinge, yana jiran a ce masa ruwan ya yi yawa. Ya jira, ruwa yana ta malala har ya jiƙa masa takalma, sannan ya je ya rufe famfon da kansa.