Shayi Cike da Kofi

Yaran da aka haifa a birnin Almaty a shekarar da Akmaral ta saki albam ɗinta na farko har sun yi famfara, na biyu bai fito ba. Kullum masoyanta na kan waya suna tambaya, wasu da magiya, wasu da baƙar magana. Wata ma ta rubuto cewa kakarta ta rasu tana jira.

Matsalar Akmaral guda ce, kuma abin kunya ce ga mai irin sana'arta: tana cikin jin daɗi. Wancan albam na farko, mai kiɗan na'ura da ke sa mutum rawa yana share hawaye, ta yi shi ne bayan wani tantirin makaɗi ya yaudare ta. Daga nan Allah ya haɗa ta da Darhan, likitan haƙori, ta aure shi, waƙa ta ƙafe ƙaf.

Ba wai ba ta ƙoƙari ba ne. Ta kai wa manajanta Talgat sababbin waƙoƙi, ɗaya a kan injin wanki, ɗaya a kan barcin da ke kama mutum bayan ya cika ciki da naman doki. Talgat ya saurara ya dafe kai.

"Ƙanwata, ba wanda yake son ya ji kin ƙoshi," in ji shi. "Ki kawo min waƙar rabuwa guda ɗaya tak, sauran sa bi bayanta."

Ta gwada ta ƙarya, ta fito kamar tallan sabulu. Sai ta yanke shawarar ta samo ta gaske, amma 'yar ƙarama. Ita fa ba mijinta take so ta rasa ba, Allah ya kiyaye. Ɗan ciwon zuciya take nema na kwana biyu, ta yi waƙa da shi, ta mayar.

To, amma a ina za a samu? Darhan mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Ta binciki wayarsa ko za ta ga saƙon wata mace, ba ta ga komai ba sai hotunan dasashin mutane. Ta ƙona abinci da gangan, ya cinye tas ya ce dama yana son ƙanzo. Ta ce masa za ta fita cin abinci da wani kyakkyawan makaɗin jita, bawan Allah ya ɗauko mata mayafi saboda sanyi, ya kuma tambaya ko ya sauke su a mota. Wallahi har haushi yake ba ta. Wane irin miji ne wannan da ba ya tausayin sana'ar matarsa?

Ranar wata Lahadi da hantsi suna zaune a kicin, ta ɗauki butar shayi, sai shaiɗan ya raɗa mata dabara. Ko yaron goye a garin nan ya san ba a cika shayi. Ɗan kaɗan ake zubawa a gindin kofi, mutum ya shanye a ƙara masa, a yi ta ƙarawa, alamar ba a gaji da zamansa ba. Wanda aka cika wa kofi kuwa, an ce masa ne ya sha ya kama gabansa. Akmaral ta karkata buta, ta zuba, ta zuba, har shayin ya zo baki yana rawa, ta tura masa da hannu ɗaya.

Darhan ya daɗe yana kallon kofin. Ya tambaye ta a hankali ko hannunta ne ya kuɓuce. Da ta ce eh, da shi ke nan. Amma a daidai lokacin ta ji wani ɗan kiɗa ya fara motsi a kanta, ta ji tsoron kada ya gudu, ta yi gum da bakinta.

Ya ɗauki kofin ya shanye, ya shafa fuska kamar yadda baƙo ke yi in ya gama cin abincin mutane, ya yi mata godiya. Ya shiga banɗaki ya ɗauko burushinsa, ya sa takalmi ya tafi gidan mahaifiyarsa.

Akmaral ta ruga kan fiyanonta tana murna. Ba abin da ya zo. Kiɗan nan ya bi Darhan ya fita. Ta wuni tana danna madannai kamar mai neman tashar rediyo. Sai washegari da safe, da ta ga ta ɗauko kofi biyu ba ta sani ba, ta zauna a ƙasan kicin ta yi kuka na gaske, mai majina. Kafin la'asar waƙa ta kammala, ta sa mata suna "Cike Fal".

Kai, waƙar nan ta yi tashe! Direbobin tasi na rera ta suna buga sitiyari. A gidajen biki amare na rawa da ita, ba su ma damu da abin da take cewa ba. Albam ya fito, Talgat ya sayi sabuwar jaket mai ƙyalli. Kowa ya sami abin da yake so, sai dai kwana biyun nan sun zama makonni, Darhan bai dawo ba. In ta kira shi sai ya amsa da ladabi, muryar da yake yi wa marasa lafiya, ya tuna mata kada ta manta da goge baki kafin barci. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo, kuma tsoro ya kama ta sosai.

Ta sayi tuffa da alewa, ta ɗaura ɗankwali, ta nufi gidan surukarta, Rauza-apa. Tsohuwar ta buɗe ƙofa, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce a'a, yau tauraruwa ce a gidan talakawa. Ta zaunar da ita a tebur, ta fara zayyano mata laifi: maƙwabta sun daina gaishe ta sai da waƙa, a kasuwa mai nama ya tambaye ta ko da gaske ɗanta yana minshari kamar yadda aka faɗa a baiti na biyu. Darhan na zaune a can gefe, ya ɗan rame, yana juya cokali.

Bisa al'ada matar ɗa ce ke zuba shayi, don haka Akmaral ta miƙa hannu ga buta. Rauza-apa ta riga ta. Ta jawo kofi, ta ƙura wa Akmaral ido, ta zuba. Ya wuce gindi. Ya wuce rabi. Akmaral na kallo har shayin ya zo baki ya ɗan zuba a kan tebur. Tsohuwar ta tura mata da yatsa ɗaya.

Akmaral ta san ta ci bashin wannan. Hawaye ya cika mata ido, ta kai hannu za ta ɗauka ta sha ta tafi. Sai wani hannu ya gitta ta gabanta. Darhan ya ɗauke kofin, yana tururi, ya kafa kai ya yi ta kurɓa, fuskarsa ta yi jawur, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dire mata sauran a gabanta, ɗan kaɗan a gindin kofi.

Rauza-apa ta ce wannan yaro ba shi da zuciya, uban nasa ma haka ya rayu. Ta tashi ta ɗauko masa ruwan sanyi tana mita.

Darhan ya buɗe baki yana fifita harshe da hannu, idonsa na ruwa.

"Sha a ƙara miki," ya ce da ƙyar. "Amma maganar minsharin nan, ki cire ta."

Akmaral ta riƙe kofin da hannu biyu tana dariya tana kuka. Ta ce masa waƙar ta riga ta fita duniya, ba yadda za a yi, sannan ta shanye ta miƙa wa surukarta kofin.