Bargunan Inna Baturiya

Sanyin bana ya shigo da wuri, tun ba a gama kai dawa rumbu ba. A ɗan gidan tsofaffin da coci ta gina a bayan ƙauyenmu, kusa da Tsanyawa, tun bara aka hana shiga ɗaki da kaskon wuta, saboda rigar wani tsoho ta kama da wuta, da ƙyar aka kashe. An yi daidai. Amma wanda ya hana wuta sai ya nemo abin da zai tsaya a madadinta, a nan ne kuwa aka sha wuya da Inna Baturiya.

Gigin tsufa ya daɗe da kama ta. Ba ta gane 'ya'yanta, kuma a ganinta har yau tana gidan mijinta Shago, wanda ƙasa ta daɗe da rufewa. Abu ɗaya ne ya ƙi fita daga kanta: sabon abu na baƙo ne. Haka matan zamaninsu suka tashi. Sabuwar tabarma, sabon kwano, sabon zane, duk a adana sai ranar da wani ya sauka, mutanen gida su yi ta fama da tsoho.

Ɗanta Joel, malamin makaranta a Dawakin Tofa, ya kawo mata bargo. Ta yi godiya, ta linke shi, ta sa a akwatinta na ƙarfe. Ƙanwarsa Glory ta aiko da wani daga Kano, mai gashi da hoton damisa. Shi ma ya bi sahu. Ita kuwa tana kwana da wani zane da ya sha wanki har ana hango hannu ta cikinsa. Leah, matar da ke kula da tsofaffin, takan lallaɓa ta rufe ta idan ta yi barci, amma da ta farka sai ta miƙe cikin ɗarin nan ta mayar da bargon akwati. Sai tari ya kama ta. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya duba ta, ya ce idan ya sauka ƙirji, a shekarunta, ba lallai ta ga bazara ba.

Ranar Asabar da la'asar Joel ya sauko daga mota da wata leda ƙatuwa.

"Malam Joel, wani kuma?" in ji Leah. "Akwatin fa sai na hau kansa yake rufuwa."

"Wannan ya fi su laushi, har da rigar sanyi. Za ta so shi."

"Ai duk tana son su. Son ne ya hana mu sakat."

Ya shiga ɗakin. Tsohuwar tana bakin gado, ta ƙanƙame jikinta, haƙoranta biyun da suka rage suna kaɗawa.

"Maraba da baƙo," ta ce. "Daga ina?"

"Inna, ni ne, Joel."

"Joel ya tafi kiwo, sai anjima. Ke yarinya, ɗauko wa baƙo bargo, kin ga yana rawar ɗari."

"Ke ce ke rawar ɗari, Inna. Ke za ki rufa."

"Ni? A cikin gidana? Ka taɓa ganin matar gida ta lulluɓa da na baƙo? Kai wa ya raine ka?"

"Ke kika raine ni."

"Da ni ce, da ka yi hankali."

Ya lallashe ta, ta ƙi. Ya ce Fasto ne ya ce ta rufa, ta ce Fasto ya zo ya kwana, za a ba shi. Ya ce likita ya ce za ta mutu, ta ce likita ba Allah ba ne. Tana rufe baki tari ya turnuƙe ta, ta yi ta yi har hawaye suka zubo. Joel ya kalle ta, ya kalli akwatin da ke cike da bargunan da za su ishi gidan nan duka, ransa ya ɓaci. Ya ɗaga murfin, ya fizgi na damisar da ƙarfi. Gefen ya maƙale a bakin akwatin mai tsatsa, ya yage tun daga wutsiyar damisar har cikinta, ɗaya gefen kuma ya faɗa kwanon kunun da ta ƙi sha.

Inna Baturiya ta miƙa hannu ta karɓa, ta zura yatsa a yagewar, ta sansana inda kunu ya ɓata.

"Ka ga aikinka ko? Yanzu wane baƙo zan ba wannan, a zage ni a gari?" Ta yi tsaki, ta yafa shi a kafaɗa, ta ja sauran ta rufe ƙafafunta. "Sai dai mu 'yan gida mu ƙarasa shi."

Joel da Leah suka kalli juna. Leah ta nufi madafa ta dawo da garwashi a cokali, Joel ya fita tsakar gida ya ƙona wa sabuwar rigar sanyin rami a hannu, yana ƙonawa yana guna-guni. Ya kai mata. Ta juya ta, ta girgiza kai, ta ɗaga hannuwa Leah ta zura mata.

"Yarinya, idan wannan baƙon ya fita ki sa sakata," ta ce. "Mutum ne mai ɓarna."

Joel ya zauna a dokin ƙofa ya kira Glory a waya.

"Kada ki ƙara aiko sabo. Ki aiko wanda yaranki suka gama da shi."

"Haba Yaya, in aika wa Inna tsumma? Mutane su ce me?"

"Mutanen ne ke tari?"

Glory ta ci gaba da mita a kan abin kunya. Ya ajiye wayar a kan cinyarsa ya bar ta tana yi. A cikin ɗaki tsohuwar ta jingina da bango, bargon ya kai mata har wuya, ta daina kakkarwa.