Na'urar da ke Karanta Ido

"Ɗaga masa kai kaɗan, Hajiya," in ji Injiniya, yana daidaita kwamfutar a kan teburin da suka jawo bakin gado. "Sai ta ga idanunsa sosai."

Matar Mai Agogo ta cusa wa mijinta matashi a bayan wuya. Tun da shanyewar jiki ta kwantar da shi, bakinsa ya daina magana, hannuwan da suka ƙare rayuwarsu suna tsintar ƙananan kusoshi a cikin agogo suka kwanta kamar ba nasa ba. Idanu kaɗai suka rage masa.

Injiniya ya san ya makara. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma da can in ya taso daga aiki yakan tsaya a shagon maƙwabcin nasa a sha hira.

"Ku masu tsara wa kwamfuta hankali," Mai Agogo yakan ce, "kun ɗauka kowa na da yatsu goma lafiyayyu. Ku yi mana wadda za ta jira tsoho ya gama tunani. In hannu ya yi rawa, ta gane ba da gangan ba ne. In da hali ma, mutum ya kalle ta kawai ta san abin da yake so."

"Ai kana da Hajiya."

"Ita tana fushi, Injiniya."

A wurin aikinsu kuwa sun daɗe suna gwajin irin wannan: haruffa su jeru a allo, mutum ya tsayar da ido a kan wanda yake so, ya rubutu. Tun farkon ciwon Mai Agogo, na'urar tana cikin jakar Injiniya. Kullum yakan ce wa kansa ba ta gama gyaruwa ba. Gaskiyar ita ce ba ya iya kallon abokinsa a haka, shi ya sa yake gaisuwa daga bakin ƙofa ya wuce. Sai yau da safe da Hajiya ta tare shi ta ce, "Akwai abin da yake so ya faɗa, ni kuma na kasa ganewa. Numfashin ya fara sauyawa."

Ya kunna. Ɗigon da ke bin ido ya yi ta yawo a allo kamar ƙuda, yana zubo haruffa marasa ma'ana. Can ya tuna: da idanunsa ya gwada ta, yana zaune a miƙe a ofis. Nasa ta sani, ba na mutumin da ke kwance ba.

"Sai an koya mata idonka tukuna," ya ce a hankali. "Ka bi ɗigon nan duk inda ya je."

Mai Agogo ya bi shi zuwa kusurwa ɗaya, sannan idanun suka lumshe.

"A bar shi haka," in ji Hajiya. "Kada a wahalar min da shi."

Injiniya ya kai hannu zai rufe, sai idanun suka buɗe, suka kafe shi da irin kallon da Mai Agogo yakan yi wa agogon da ya ƙi tashi. Ya janye hannunsa. Marar lafiyan ya bi ɗigon, kusurwa bayan kusurwa, har ya gama. Daga nan haruffa suka fara fitowa, ɗaya bayan ɗaya, da dogon hutu a tsakani.

Injiniya ya karanta: "Taga."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ni na rufe ta, don kada sanyi ya kama shi. Har labule mai kauri na sa. Wayyo, Malam! Duk kwanakin nan kana kallon can, ni ina cewa bango kake kallo."

Injiniya ya tashi ya yaye labulen. Sakatar ta yi tsatsa, sai da ya buga ta da tafin hannu kafin ta saki. Titi ya shigo ɗakin gaba ɗaya: gudumar makaniki, ƙarar babur, 'yan makaranta suna musu a kan ƙwallo. Iska ta taɓa gashin Mai Agogo.

Bai sake rubuta komai ba. Kafin rana ta faɗi ya cika, Hajiya na riƙe da hannunsa. Da maƙwabta suka fara shigowa, wata ta nufi tagar za ta ja ta.

"Bar ta," in ji Hajiya.

Labulen ya ci gaba da kaɗawa a saman gadon.